Talatin da Huɗu Cikin Ɗari

Shekara talatin da biyar Malam Felix Bako ya yi yana koyar da lissafi a makarantun sakandare na Samaru kafin ya yi ritaya. Gidansa na Dogarawa ɗaki uku ne da falo, amma tun rasuwar matarsa Winifred, shekara huɗu ke nan, ɗaki ɗaya kawai yake buɗewa. Da safe ya share tsakar gida, ya zuba wa kajinsa dusa, ya saurari labarai a rediyo. Da rana ya ja kujera ƙarƙashin mangwaro. A duk mako ranar Lahadi ce kaɗai take da abin jira: sujada da safe, sannan da ƙarfe biyar na yamma 'yarsa Jemimah ta kira daga Amurka.

Jemimah ma'aikaciyar jinya ce a can. Ɗanta guda ne, Brian, shekararsa ashirin, yana jami'a. Sau ɗaya Malam Felix ya taɓa ganinsa ido da ido, wajen jana'izar Winifred, dogon saurayi mai kunya wanda zafin Zariya ya hana shi cin abinci. Brian ba ya jin Hausa, don haka da Turanci suke gaisawa. In uwarsa ta miƙa masa waya, hirar ba ta wuce minti ɗaya. Ya karatu, lafiya. Ya sanyi, lafiya. A ƙara ƙoƙari, to. Shi ke nan. Duk da haka wannan mintin Malam Felix yake jira tun daga Litinin, domin ba shi da wani jikan, kuma ya san in mintin ya yanke babu wata igiya da ta rage tsakaninsu.

Wata Laraba cikin watan Maris, ana tsananin zafin bazara, sai hoto ya shigo wayarsa. Jemimah ta rubuta a ƙasa: "Baba, dubi sakamakon jikanka." Ya san Brian yana buga wa jami'arsu wani wasa wai shi besbol, inda wani zai jefo ƙwallo kai kuma ka doke ta da gora ka sheƙa da gudu. Iyakar saninsa ke nan. Ya sa tabarau ya duba. Layi ɗaya ne na lambobi. An jefo wa yaron har ya gama gwajinsa sau saba'in da ɗaya, ya yi nasara sau ashirin da huɗu, a ƙarshen layin kuma an rubuta .338.

Bai nemi kowa ya yi masa bayani ba. Ya ɗauki biro ya raba ashirin da huɗu da saba'in da ɗaya a bayan takardar sanarwar coci, lissafin ya fito daidai. Talatin da huɗu cikin ɗari. Duk tsawon aikinsa abin da ya gaza arba'in faɗuwa ne, F9, babu wani suna da ake ba shi. Ya ajiye tabarau. Ya ce a ransa, uwa ba ta turo wa kaka irin wannan sakamako sai tana so a yi wa yaro magana, ita kuma bakinta ya yi nauyi.

Shi ba mai faɗa ba ne. Bai taɓa shiga aji da bulala ba. Sai ya tuna kakansa a ƙauyensu kusa da Zonkwa, wanda ba ya kiransa da komai sai rago, shi kuma ya rama da cewa tsohon ya cinye zamaninsa ya dawo yana cin nasu, kowa ya yi dariya. Tsakanin kaka da jika babu maganar da ba ta faɗuwa, mai ɗacin ma dariya ke haɗiye ta. Malam Felix ya ji daɗi har cikin ransa. Ga hanyar yi wa yaron gyara ba tare da an ɓata ba, ga kuma abin da zai sa hirarsu ta wuce minti ɗaya. Tun daga Alhamis yake gwada kalmomin a bakinsa yana murmushi shi kaɗai.

Ranar Lahadi Jemimah ta miƙa wa Brian waya. Fuskarsa ta cika gilashin, yana fara'a fiye da kullum.

"Kaka, ka ga abin da Mama ta turo maka?"

"Na gani, malalaci," in ji Malam Felix. "Talatin da huɗu cikin ɗari! Da a ajina kake da na zagaye shi da ja. Ga gora a hannunka, ga ƙwallo har gabanka, sau goma ka samu uku? Aiko mini da gorar, ni da tsufana zan fi ka. In abin ya gagara ka dawo Dogarawa ka riƙa yi mini kiwon kaji."

Ya tsaya yana jiran a rama. Ya ma shirya amsar da zai bayar in yaron ya ce masa tsoho. Amma fara'ar ce ta sauka daga fuskar Brian a hankali. Ya kalli gefe, ya ce, "To, Kaka." Sai hoton ya karkata ya nuna silin, sannan fuskar Jemimah ta dawo tana maganar kuɗin wuta da ya tashi a can.

Lahadi ta zagayo, Jemimah ta ce Brian ya tafi wasa. Ta biyu ma haka. A ta uku Malam Felix ya kasa haƙuri.

"Jemimah, yaron nan fushi yake yi da ni?"

Ta yi ajiyar zuciya. "Baba, ai maki ne mai kyau. Murna ce ta sa na turo maka. Shi ya ce in turo."

"Talatin da huɗu?"

"Su haka suke ƙirga nasu."

Ya sha jin wannan daga bakin iyaye. Kowace uwa ɗanta ya yi ƙoƙari, jarrabawar ce ta yi wuya. Cikin taushin murya ya ce, "To, na nawa ya zo a ajin?"

"Baba, ni ban sani ba. Aikin dare nake yi makon nan, ko wasan ban je ba. Na gaya masa wasa kake yi, irin na kaka da jika. Ya ce shi bai ji alamar wasa ba."

Bayan ta kashe, tambayar da ya yi mata ta tsaya masa a rai. Shi ne fa yake gaya wa sababbin malamai kada su yanke wa maki hukunci sai sun ga na ajin gaba ɗaya. Ga shi layi ɗaya aka nuna masa ya yanke.

Washegari ya saka rigarsa ta zuwa taro, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa Kwangila, daga nan ya shiga bas ɗin Samaru. A ɗakin karatu na jami'a akwai tsohuwar ɗalibarsa, Barakatu, wadda yanzu take kula da sashen kwamfutoci. Tana ganinsa ta miƙe ta rusuna.

"Malam! Yau wace rana? Ko aikin gida ka zo karɓa? Wallahi na yi, a gida na manto."

"Shekara ashirin da shida ina jiransa," in ji shi. "Yau dai ni ne ɗalibin, Barakatu."

Ya nuna mata hoton, ya ba ta labari bai rage komai ba. Ba ta yi dariya ba. Ta jawo masa kujera kusa da tata, ta karanta sunan shafin da ke saman hoton ta buga shi a kwamfuta.

"Ni ban san wasan nan ba, Malam, ko kallonsa ban taɓa yi ba. Amma rumbun bayanai duk ɗaya ne, da na littattafai da na 'yan wasa. Ba ya son a tambaye shi a dunƙule. Sharaɗi ɗaya-ɗaya za ka riƙa ba shi."

Shafin ya buɗe da ƙananan akwatuna a jere. Ta zaɓi shekarar bana a na farko. A na biyu ta zaɓi rukunin jami'o'in da su Brian suke karawa da su. A na uku ta tsayar da lissafin a ranar Larabar da aka turo hoton. Ta danna, sunaye suka zubo. Ta taɓa kan layin maki, jerin ya juya, na sama ya hau sama.

Na ɗaya yana da ɗari bisa ɗari.

"Ka gani!" in ji Malam Felix, har da ɗan jin sanyi a ransa. "Ashe ana ci." Sai ya matso da tabarau. "Tsaya. Sau nawa ya gwada?"

"Sau ɗaya."

Dariya ta kuɓuce masa. "Wanda ya amsa tambaya ɗaya ya gudu ba ya shiga jerin aji. Akwai yadda za a fitar da irinsu?"

"Akwai. Nawa ne mafi ƙaranci?"

"Sa hamsin."

Ta sa. Jerin ya tsuke ya koma mutum ɗari da sittin da huɗu. Malam Felix ya ɗora yatsa a gilashin yana bi daga sama, yadda yake bin takardar sakamako a ƙarshen zango. Na ɗaya yana da arba'in da ɗaya cikin ɗari. Na biyu arba'in cif. Daga nan kowa talatin da wani abu. Yatsansa bai yi nisa ba ya tsaya. Brian ne na goma sha ɗaya.

"Nemo mini waɗanda makinsu ya kai hamsin cikin ɗari," ya ce.

Ta rubuta, ta danna. Shafin ya dawo fari, da layi ɗaya da ke cewa ba a sami kowa ba.

"Matsakaicin ajin fa?"

"Ashirin da bakwai."

Ya jingina da kujera. Barakatu ta ce bari su duba na manyan, waɗanda wasan ne sana'arsu, ko su abin ya bambanta. Ta canza rukuni, ta buɗe shekarun tun daga farko, ta nemi duk wanda ya kai arba'in cikin ɗari a cikakkiyar kakar wasa. Sunaye kaɗan ne suka fito, kuma da Malam Felix ya bi shekarunsu ya ga duk kafin a haife shi ne.

"Wato a wasan nan," ya ce a hankali, "mutum ya faɗi sau bakwai cikin goma, kuma shi ne gwani."

"Haka lambobin suka nuna, Malam."

"Ni kuma na ce ya zo ya yi kiwon kaji."

Ta mayar da idonta kan kwamfutar. Fanka tana juyawa a sama, ɗalibai biyu a can ƙarshen ɗakin suna gardama ƙasa-ƙasa a kan wani darasi. Can ya ce ta cire ranar da ta tsayar, yana son ganin inda yaron yake yau. Ta cire. Sai da ta gangara shafi na biyu kafin sunan ya fito. Brian ya koma na saba'in da huɗu, makinsa .275.

"Za a iya ware abin da ya yi daga ranar Lahadin nan zuwa yau?"

Barakatu ta kalle shi. "Malam, ko a bar wannan?"

"Ware mini."

Gwaji talatin da takwas, nasara shida.

Ya san abin da zai gaya wa ɗalibi da ya kawo masa irin wannan. Gwaji talatin da takwas ba ya tabbatar da komai. Ya sha sa yara su wurga kwabo sama a aji don su ga yadda fuska ɗaya kan fito sau shida a jere ba tare da wani dalili ba. Ya faɗa wa Barakatu haka, ta ce gaskiya ne. Ya sake faɗa, wannan karon don kansa. Amma idonsa bai bar lambar shidan nan ba.

Don ta kawar masa da hankali, Barakatu ta nuna wani layi a gefe mai haruffa biyu a kansa. "Dubi nan, Malam. A wannan shi ne na uku a duk rukunin, har yanzu. Goma sha tara." Ta ɗora alama a kan haruffan, ɗan bayani ya fito, ta karanta. Wai in mai jifa ya jefo ƙwallo huɗu da suka kauce, mai gora zai wuce zuwa tashar farko da ake rugawa gare ta ba tare da ya doki komai ba, kuma ba a sa wannan a cikin makinsa.

"Kyauta ke nan?" in ji Malam Felix. "To me ya sa shi ake yi wa fiye da saura?"

"Bari in bincika, minti ɗaya ne."

Har ta fara bugawa ya ɗaga hannu. "A'a, 'yata. Bar wannan. Ina da wanda zan tambaya."

Ta raka shi har bakin titi, ta tsaya sai da ya samu kujerar gaba a bas.

Da ya isa gida bai cire rigar ba. Ya zauna ƙarƙashin mangwaro, ya nemo lambar Brian, wadda Jemimah ta ba shi tun bara amma bai taɓa amfani da ita ba. Ya danna wurin saƙon murya. Na farko zakara ya yi cara a tsakiya, ya goge. Na biyu ya yi tsawo kamar wa'azi, ya goge. A na uku ya ce:

"Brian, kakanka ne. Yau na je Samaru na duba sakamakon ajinku duka. Ranar da na yi maka magana kai ne na goma sha ɗaya cikin ɗari da sittin da huɗu. Ni ne na yi kuskuren maki, ba kai ka faɗi ba. A wurinmu kaka yana tsokanar jikansa, amma ban tsaya na ga ko ka san haka ba, kuma ba tsokana kaɗai ba ce, na ɗauka da gaske ka faɗi. Ka yafe mini. Sannan ina da tambaya. Na ga sau goma sha tara an bar ka ka wuce ba ka doki ƙwallo ba. Ban gane ba. Me ya sa kai?"

Ya tura. Kafin magariba alamar ta nuna an saurara. Amsa ba ta zo ba.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Ya riƙa ajiye wayar a aljihun gaba, ya daina barinta a ɗaki in zai shiga wanka. Ranar Lahadi Jemimah ta kira, ta ce Brian yana wani gari, wasa. Bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ɗauko zancen ba.

Ranar Talata ya koma Samaru. Barakatu tana taro, amma ta bar saƙo a ba shi kwamfuta. Shi kaɗai ya zauna, da yatsa ɗaya, ya cika akwatunan yadda ya ga ta yi. Sau biyu ya manta sharaɗin hamsin, mai ɗari bisa ɗari ya sake hawa sama. Da ya samu sunan Brian ya danna shi, sai ga wani shafi da bai gani ba a zuwan farko, wasa bayan wasa, kowanne da ranarsa. Ya ɗauko kalandar aljihu ya gwada. Lahadin da ta wuce an yi wasa. Cikin Lahadi ukun farko, biyu an yi wasa da gaske. Ɗaya kuwa, ta tsakiya, an rubuta an ɗage saboda ruwan sama. Wato ranar yaron yana gida, wataƙila yana jin muryar kakansa daga ɗaya ɗakin.

Ya rufe shafin, ya gode wa mai gadin ƙofa, ya fito cikin rana. A Kwangila ya sayi ƙosai na mutum ɗaya, ya ci a tsaye.

Ranar Alhamis da la'asar, yana canza wa kaji ruwa, wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Saƙon murya ne, daƙiƙa hamsin da biyu. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya zauna a bakin rijiya kafin ya danna. Ana jin ƙugin mota da hayaniyar samari a baya.

"Kaka, ni ne. Muna cikin bas. Wannan da ka tambaya, ba kyauta ba ce. Ƙwallon tana isowa kafin ka ƙifta ido, a nan za ka yanke ko mai kyau ce ko a bar ta. Yawancin mutane kai mata duka suke yi ko ta kauce. Ni nakan bari. Kocinmu ya ce shi ne abin da na fi iyawa. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan a gida." Wani ya kira sunansa, ya ce yana zuwa. "Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi. Kuma faɗuwar da nake yi kwanan nan ba kai ba ne, wuyan hannuna ne ke ciwo, kada ka gaya wa Mama. Lahadi muna da wasa. Litinin ba mu da shi."

Malam Felix ya saurara sau uku. Ya miƙe da wayar a hannu ya je ƙofar gida, yana neman wanda zai kunna wa. Layin babu kowa, maƙwabta ba su dawo daga kasuwa ba, sai wata akuya kwance a inuwar katanga. Ya ɗan tsaya, sannan ya dawo ciki.

Ya fara rubuta amsa. Ya yi maganar wuyan hannun, da ruwan ɗumi, da cewa ya kamata likita ya gani, da wasu tambayoyi huɗu da ya tanada. Da ya karanta ya ga duk za su iya jira. Ya goge, ya rubuta: "Litinin ina gida."

Ya duba jimlar. Babu ranar da ba ya gida, amma haka ya tura ta.